Tsaga Goma Sha Tara a Jikin Sandar Yaya Bukar

Kakar bana ta cika shekara ashirin da ɗaya da muka kai yayana Bukar makwancinsa. Ban tambayi malami lissafin ba. Cikin da matarsa ke ɗauke da shi ranar da ya rasu, yau ga shi namiji da gemu, da mata, da 'ya mai tafiya. Lissafina ke nan, kuma shi ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Ni ba malami ba ne. Izu goma sha ɗaya na yi a gaban allo babanmu ya cire ni ya miƙa mini fartanya. Rubutuna a karkace yake, wanda zai karanta muku shi a zaure sai ya yi haƙuri. Takardar ma wajen wani farken kanwa na samo ta. Amma tun da aka yanke gero na kasa zama wuri ɗaya. In ina gida sai in ji ina so in je gona, in na je gonar kuma ba na iya dubanta. Na ce bari in juye abin a takarda ko ƙafafuna sa huta.

Mu biyu babanmu ya bari, da gona biyu. Ɗaya a fadama, bakin kogi, inda ruwa ke hawa kowace damina ya kwanta wata biyu, ya janye ya bar laka baƙa ƙirin. Ɗayar a tudu, jigawa fara fat, wadda ko jaki ba ya tsayawa kiwo a cikinta. Ranar rabo Bulama, mai garinmu, ya ce babba ya zaɓa. Yaya Bukar ya nuna jigawar. Na yi murna, ban ma ɓoye ba. Sai daga baya na gane tausayina ya ji, don ya san ni, ba ni da haƙurin abin da ba zai biya a shekararsa ba.

Fadama ce ta lalata ni, in gaya muku gaskiya. Mutumin fadama bai san ana ciyar da ƙasa ba. Kogi ke yi masa dako. Ka shuka, ka girbe, ka ƙone abin da ya rage, ka tafi gida ka miƙe ƙafa, damina ta zo ta mayar maka da duk abin da ka kwashe. Shekara goma sha tara ina wannan, ina kallon yayana daga ƙasa, ina yi masa dariya.

Don shi rani ba hutu ba ne a wajensa. Jaki ɗaya gare shi da mangala. Duk jujin unguwarmu shi ya share shi: toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, tsohuwar jinka da aka sauke daga ɗaki. In juji ya ƙare ya gangaro fadamata ya roƙi laka. In an yanke gero ba ya kwashe kara, kwantar da shi yake a ƙasa ya bar wa gara. Na ce, Yaya, gara fa za ta cinye. Ya ce ai don ita ya ajiye, ma'aikatansa ne, su ke shigar masa da shi ƙarƙashi. Ɗan gawo in ya tsiro, ya kewaye shi da ƙaya kamar jariri, har suka kai bakwai manya. Wake tsakanin kowace kunya. Kashi ɗaya cikin huɗu na gonar kuma kullum a kwance yake, saura, ba a taɓa shi sai shekararsa ta zagayo.

Sannan ga Sambo. Sambo Bafillatani ne mai garke, kowane rani yakan sauka da shanunsa a gonar Yaya Bukar su kwana a kai wata uku, ana gusa musu makwanci bayan 'yan kwanaki don kashin ya game ko'ina. Saboda su yayana ya haƙa rijiya a tsakiyar gona. Kuma ranar da suka iso, shi ke fitar da dami uku na gero da dunƙulen kanwa ya ba Sambo. Uwarmu Babarbariya ce, to kun san abin da ke tsakaninsu da Fulani. Tun daga nesa Sambo ke farawa.

“Ina bawana Babarbare? Fito ka biya kuɗin kashi!”

“Ga ni, Bafillatanin banza. Shanun ne baƙina, kai rakiya ka yi musu. Matsa in gaishe su.”

Sai su zauna gindin gawo su sha fura ƙwarya ɗaya suna zagin kakannin juna har la'asar.

Yanzu sandar. Ta kanya ce, tsawon kamu biyu, baƙa don riƙo. Kowace kaka, in an kwashe damin ƙarshe, sai ya je gabas da rijiya ya haƙa ɗan rami, kowace shekara ya gusa taku ɗaya daga na bara. Yana haƙa har sai baƙar ƙasa ta ƙare farin rairayi ya bayyana. Sai ya kafa gindin sandar daidai inda baƙin ya tsaya, ya duba inda bakin ramin ya kama a jikinta, ya yi tsaga da wuƙa. Tsagar farko yatsa biyu ce daga gindi. Ta goma sha tara, tafin hannu biyu da yatsa biyu. Akwai shekarun fari da tsagar ta hau kan 'yar'uwarta, ba ƙari. Yakan damƙi ƙasar ramin ya matse a hannu, in ta dunƙule ta zauna sai ya shinshina ta ya yi murmushi. Sau ɗaya ya yi mini bayani, da na dame shi da tsiya. Ya ce, “Rairayi kwando ne, Mamuda. Baƙin nan shi ke riƙe ruwa, shi ke riƙe abinci. Gero haya yake a kansa.” Na ce to Allah ya ba da lada, malamin kashin shanu.

Har yau ina jin haushinsa a kan wannan. Mutum ya san abu haka, ya faɗe shi sau ɗaya tak ya yi shiru? Me ya hana shi kama ni da kokawa ya tura mini kai cikin ramin? Amma na sani, ko ya yi ba zan ji ba.

Zazzaɓin kaka ne ya ɗauke shi, kwana shida. Ranar ƙarshe da hantsi ya kira ni, matarsa Yagana na zaune da tsohon ciki. Ya ce, “Abin da ta haifa, gonar tasa ce. Ka riƙe masa. Abu biyu kawai: kada ka sa mata wuta, kada ka kori Sambo.” Na ce na ji, Yaya. Bulama ya shaida. Yagana ta haifi namiji, aka kira shi Audi, kamar duk wanda bai tarar da ubansa ba. Bayan arba'in danginta suka zo suka tafi da su garinsu, Miga.

Kafin shekara ta zagayo na yi duka biyun.

Sambo ya iso da garkensa kamar kullum, ya yi mini ta'aziyya har da hawaye, ya zauna gindin gawo yana jira. Na san abin da yake jira. Na ce, “Shanunka su ci karana, su sha rijiyata, sannan in ɗora maka dami uku? A garinku haka ake ciniki?”

Ya ɗauka wasa ne. Ya yi dariya ya ce, “Ƙanen bawana ya fi bawana rowa.”

Na ce, “Ba wasa nake ba. Ni ba Bukar ba ne.”

Ya dube ni. Ya ce, “Na ga alama.” Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Kafin azahar ba saniya ko ɗaya a gonar.

Da bazara na tara karan nan tsibi tsibi na cinna masa wuta, kamar yadda na saba a fadama, na baza tokar. Jama'a, ku ji abin da ke yaudarar mutum. Geron da na yanka a kakar nan, Yaya Bukar bai taɓa yankar irinsa ba. Zangarniya kamar damtsen mutum. Haka shekara ta biyu, haka ta uku, haka ta huɗu. Na ƙara rumbu. Mutanen da yanzu suke sunkuyar da kai in sun wuce gonar, su ne a lokacin suke tsayawa a bakin hanya suna cewa ƙane ya fi yaya hannu. Ni ma na faɗa, a kasuwa, da bakina: marigayi wahalar banza ya sha. Ban san abin da ya tara shekara goma sha tara nake ɗiba da hannu biyu ba.

A shekara ta uku kogi ya fasa sabuwar hanya, fadamata ta zama tafki, ba komai cikinta sai ciyawar kacalla da agwagin ruwa. Sai na juyo wa gonar maraya gaba ɗaya. Na nome saurar da ke hutu. Na daina wake, don gero ya fi cika rumbu. Masassaƙa suka ce za su sassaƙa mini kwale-kwale in kama kifi a tsohuwar gonata in na bar musu gawo, na bar musu shida. Na bakwai karkatacce ne, suka ce ba ya turmi ba ya jirgi, shi ya sa ya tsira.

Kuma kada wani ya ce na ci hakkin maraya a fili. Kowace kaka ina aika musu rabonsu Miga, ban taɓa fashi ba. Da wannan na riƙa kwantar da raina. Na ɗauka amanar gero ce.

Ƙasa ba ta faɗuwa rana ɗaya, shi ya sa ba ka ankara. Da farko na lura ruwa in ya sauka ba ya zama, kwana biyu ba hadari gero ya fara naɗe ganye, alhali da yakan yi kwana goma bai nuna ba. Sai iskar farkon damina ta fara binne mini shuka da rairayi, in sake, in sake. Tana, tsutsar nan ta ƙasa, ta ɓace, ka yi huɗa wuni guda ba ka yanka ko ɗaya ba. Ƙamshin nan da gonar ke yi in ruwan farko ya taɓa ta, shi ma ya tafi. Daga ƙarshe ƙuduji ya fito, furensa ja-ja ya rufe kunya, geron ya tsaya iya gwiwa. Na ce sammu ne. Laya huɗu na binne a kusurwa huɗu. Na ce fari ne. Na ƙara wuta, don toka ce kaɗai maganin da na sani. Kowace shekara karan na raguwa, tokar na raguwa.

Shekara goma sha biyar sandar na soke a jinkar ɗakina ban taɓa ta ba. Ranar da na zaro ta na je gabas da rijiya, ban yi wani haƙa ba farin rairayi ya tarye ni. Yatsa uku. Na damƙa na matse, ta zube ta tsakanin yatsuna kamar gishiri.

Ina tambayar kaina me zai ce da zai tashi ya ga ƙasar nan yau. Ba gonarsa kaɗai ba. Da bazara ka hau tudu ka duba ta Kaugama, hayaƙi ne gona bayan gona, duk ɗalibaina ne, don ni suka gani da rumbu uku suka kwaikwaya. Tsoron hari ya tattaro mutane kusa da ganuwa, kowa na matsa wa ɗan abin da ke hannunsa, ba mai barin saura. Manomi ya ga saniya ya ɗauki sanda, makiyayi ya ga manomi ya kauce hanya. Jujin da Yaya Bukar ke kwasa ana gode masa, yanzu sai ka riga wani sammako. Samari na cewa ƙasa ta tsufa. Ƙarya ne. Ta babanmu ma fara ce fat, a hannun mutum ɗaya ta yi baƙi, a hannun mutum ɗaya ta koma. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai nemi mangala ne. Wannan shirun nasa shi ya fi ci mini rai, da ransa da bayan ransa.

Na daina wuta daga ranar. Na sayi jaki, na shiga dakon juji da furfurata, yaran unguwa na yi mini waƙa. Sannan na haɗiye girman kai na tafi wajen garin Baturiya, inda aka ce rugar Sambo take. Na tarar da shi ya tsufa, idonsa ya yi hazo, amma ya gane muryata.

“Wa nake ji kamar wanda ba Bukar ba?”

Na ce, “Ni ne. Na zo roƙo.”

Ya sa aka kawo mini nono, ya bar ni na sha, sannan ya ce, “Shanuna sun yi alkawarin rani da wasu, masu fitar da dami ba a tambaye su ba. Ba zan kunyata su don kai ba. Kai ka kore ni, Mamuda, ba kuma gonarka ba ce. Amma ran da ɗan Bukar ya zo da ƙafarsa, ko ina kabari, 'ya'yana za su kai masa garke. Na gaya musu, zan kuma sake gaya musu.”

Bara waccan Sambo ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya fi ni mutunci.

Shekara shida ina dako ni da jaki. Abin da na ƙara, yatsa ɗaya. Ɗaya.

Sai ga saƙo daga Miga ana tsakiyar yankan gero: Audi zai zo karɓar gonar ubansa. Daga nan zama ya gagare ni. Don na duba, ba wanda ya rage a duniya da ya san ma'anar tsagogin nan sai ni. In na ce masa jigawa ce, haka kakanka ya bar ta, wa zai ƙaryata? Gari duk shaidata ne, gonakinsu haka suke. Amma in na yi haka, ba zan iya gaya masa wasiyyar Sambo ba, don zai tambaya me ya kori shanun tun farko. Sai in bar shi da rairayi da jaki, kamar ni. Duk da haka na ɗauki sandar na gangara bakin kogi da rana tsaka. Kanya nauyi gare ta, nutsewa za ta yi. Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne ya fara riƙe mini hannu ba. Masunta ne a wajen suna gyaran koma, ɗayansu ya ce, “Baba Mamuda, ba sandar marigayi ba ce wannan?” Na ce ita ce. Na juyo gida.

Ya iso ranar Laraba da hantsi. Tafiyar ubansa, har yadda yake karkata kafaɗar hagu. Bayan gaisuwa muka zaga gonar har muka zo rijiya. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya sake ta.

“Baffa, Inna ta ce ƙasar gonar babana baƙa ce kamar ta fadama.”

Bakina ya buɗe zai ce ka san mata da ƙari. Har na ji kalmar a kan harshena. Sai na miƙa masa fartanya na ce haƙa nan. Ya haƙa. Na kafa sandar, na nuna masa yadda ake yi. Bakin ramin ya tsaya a kan tsaga ta biyar. Sauran suna sama, a iska.

Ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshe. “Wannan fa?”

“Nan ubanka ya bar ta.”

Ya sauko da yatsan. “Nan kuma?”

“Nan na kawo ta. Da ma ta fi haka ƙasa.”

“Fari ne, Baffa?”

“Ni ne.”

Na gaya masa duka a tsaye: wutar, gawo shida, saurar, abin da na faɗa wa Sambo da abin da Sambo ya bari. Har maganar kasuwa ban rage ba. Yana saurare yana ƙirga tsagogin da farcensa. Da na gama ya ce, “Goma sha huɗu.” Na ce eh. Ya ce, “Ke nan sai 'yata ta yi aure kafin in tarar da shi.” Na ce in ka yi aiki irin nasa.

Na jira ya zage ni, ko ya ce mu je gaban Bulama. Na jira kuma ya ce ya yafe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce in ara masa wuƙa. Ya juya sandar ta ɗaya gefen da ba tsaga, ya yi tasa daidai bakin ramin, ya goge ta da riga, ya riƙe. Bai mayar mini ba.

“Jakin nan naka yana da sauran ƙarfi?”

“Ya tsufa. Kamar ni.”

“To ku biyun nake so, Baffa. Ni ban san hanyar rugar ba.”

Jiya da ya tafi duba inda zai kafa ɗaki, na koma gonar ni kaɗai na zauna gindin karkataccen gawon. Wuta ba ta taɓa zuwa nan ba, don nesa da shi nake tara kara, kuma ganyensa bai fasa zuba ba duk shekarun nan. Na sa hannu na tona. Baƙa, mai sanyi, ta dunƙule a tafina ta zauna. Na sami tana biyu. Na kai hanci, ƙamshin nan ne. Faɗin wurin bai fi tabarma uku ba.

Abin da ya rage na Yaya Bukar ke nan in an auna: tabarma uku ta baƙar ƙasa, sanda ɗaya, rijiya, da alkawarin da wani Bafillatani ya bar wa 'ya'yansa saboda shi. Ni da nake da rai, da rumbu uku da na taɓa cikawa, ban san me za a tona a samu nawa ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ƙasar da kake ciki ta fi wadda na bar wa ɗanka sanyi. Ban roƙi Audi gafara ba tukuna. Ina ganin ba da baki ake roƙon irin wannan ba.

Jibi da hantsi za mu kama hanyar Baturiya. Audi a gaba da sandar, ni a baya ina kora jaki. Na riga na ɗaure kayan: dami uku na gero da dunƙulen kanwa. Geron bana ne, zangarniyar duk ƙanana, 'ya'yan Sambo za su gani su gane.